Mai gem ya yi furfura, gem ɗin fa?

Ranar 27 ga Fabrairu 1996 Pokémon ya fito a Japan, a kan 'yar na'urar nan ta Game Boy mai allo marar launi. Yaron da yake ɗan shekara goma a ranar, yanzu ya taka arba'in ko yana bakin ƙofarta. Kuma Pokémon ɗin ƙane ne a cikin dangi: Super Mario Bros. a 1985 ya zo, Zelda da Dragon Quest a 1986, Final Fantasy a 1987. Dukkansu har gobe ana fitar da sababbi, kuma kaso mai tsoka na masu saye mutanen nan ne da suka fara tun ana yi musu tsawa su kashe na'ura su je su kwanta. Ƙungiyar kamfanonin wasannin bidiyo ta Amurka, ESA, ta ce a rahotonta na 2024 matsakaicin shekarun mai buga gem a ƙasar 36 ne.

To, kamfanin da ke riƙe da irin wannan jerin wasanni yana tsakiyar mutum biyu. Ga tsohon abokin ciniki mai kuɗi a aljihu da dogon tarihi da wasan, yana cewa a girma tare da shi. Ga kuma yaro ɗan shekara tara da bai san komai a kan tarihin ba, wanda idan ba a kama shi yau ba, nan da shekara ashirin babu mai saye. Wa za a saurara wa?

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin tsofaffin masu wasa ita ce, "Mun girma, a ba mu na manya." Kamfanoni sun taɓa ɗaukar maganar nan a yadda ta zo, kuma mun ga abin da ta haifa. A 2005 Sega ta ɗauki bindiga ta damƙa wa wani ɗan bushiya daga gidan Sonic, ta sa masa 'yan kalmomin zagi a baki, ta kira wasan Shadow the Hedgehog. Shekara ɗaya kafin nan Ubisoft ta mayar da yariman Prince of Persia, wanda a 2003 yake matashi mai barkwanci, wani mutum mai ɗaure fuska da jini da kiɗa mai ƙara a Warrior Within. A 2006 aka yi wa Bomberman, ɗan zanen nan mai ƙaton kai, kwaskwarima ya koma mutum-mutumin ƙarfe a cikin duhu, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca. Duk waɗannan girma ne irin wanda ɗan shekara sha huɗu yake hange: a yi duhu, a zubar da jini, a daina dariya. Mutumin da ya kai arba'in ya riga ya ga asibiti da bashi da rasuwa, jinin zane ba ya burge shi.

Zelda ma ta sha wannan matsin. Da Nintendo ta nuna The Wind Waker mai kamannin zanen yara, wanda ya fito a ƙarshen 2002, masoya suka yi ta kururuwa an raina musu hankali. Kamfanin ya ba su Twilight Princess a 2006, mai duhu da jarumi saurayi, kuma a faɗi gaskiya ya fi wancan ciniki nesa ba kusa ba. Sai dai yau idan ka kunna su biyun, zanen yaran nan da aka tsana shi ne bai tsufa ba. Masu ihun nan da yawansu su ne suka dawo suna yabonsa da aka sake fitar da shi a 2013.

A ganina abin da ya canja a jikin mai wasa ya fi ƙarfi ta wajen lokaci, sannan ido da yatsu, sannan abin da rayuwa ta nuna masa. Ɗanɗanonsa bai cika motsawa ba. Wanda yake son kama dodanni yana horar da su yana ɗan shekara goma, yana so har yanzu. Awa shidan da yake da su a da ne babu.

Ga yadda daren nasa yake. Ƙarfe goma da rabi, yara sun yi barci, gobe akwai aiki. Yana da minti arba'in. Ya kunna na'ura, ta ce sai an sauke sabon gyara, minti goma sun tafi. Wasan ya buɗe, ya tsinci jaruminsa tsaye a bakin wani kogo, rabonsa da shi kwana sha tara. Me ya kawo shi kogon? Wace ce matar nan da ake ce masa ya koma wurinta? Ya buɗe taswira, alamomi sun cika ta kamar an watsa tsakuwa. Wani ɗan dodo ya taso masa, yatsansa ya danna maɓallin da a wani wasan daban yake kare duka, a nan kuma ya shanye maganin ƙarshe da ya rage. Ya lallaɓa ya kai wurin bos, wato babban abokin gaban da ke tsare hanya, bos ya kashe shi, aka mayar da shi inda ya yi ajiyar ƙarshe, can baya. Ya dubi agogo, ya kashe na'urar, ya ɗauki waya yana latse-latse har barci ya ɗauke shi. Wannan mutumin bai daina son wasan ba. Bayan irin wannan dare sau biyar zai daina kunnawa, idan na gaba a jerin ya fito kuma zai ce ai na baya ma bai gama ba.

Maganin abubuwan nan ƙanana ne, shi ya sa abin yake ba ni haushi idan aka bar su. Dragon Quest XI na 2017 duk sanda ka dawo sai ya karanto maka taƙaitaccen labarin inda ka tsaya. Pokémon kansa ya yi irin wannan tun 2004 a FireRed da LeafGreen, yana nuna maka abubuwan ƙarshe da ka yi kafin ka ajiye. Nintendo Switch, tun fitowarta a 2017, tana barin ka ka sa ta barci a tsakiyar faɗa ka dawo gobe ka ɗora, kuma na tabbata wannan ɗan abu ya dawo da iyaye da yawa cikin harkar fiye da duk wani talla. Ajiya a ko'ina, tsallake bidiyon da ka riga ka kalla, ƙara wa faɗa sauri, shafi guda mai tuna maka aikin kowane maɓalli: babu ɗayansu da ya taɓa zuciyar wasa, babu kuma wanda ya rage wa yaro daɗinsa.

Tsawo shi ne babbar rigimar. Assassin's Creed ya faro a 2007 da labarin da ake gamawa cikin kwanaki kaɗan. Zuwa Valhalla a 2020, babban labarin kaɗai yana cin awa sittin ko kusa da haka. Ga mai minti arba'in a dare, lissafin wata uku ke nan ba fashi. Ubisoft, mai jerin, ta ji koken, a 2023 ta fitar da Mirage, wanda aka gina a Bagadaza ta ƙarni na tara, ana iya gama shi a ƙasa da awa ashirin. Ba ina cewa dogon wasa laifi ne ba. Akwai awa ɗarin da kowacce take da abin faɗa, akwai kuma awa ɗarin da arba'in daga cikinsu "je ka kashe kyarkeci goma ka dawo" ne. Yaro yana haƙuri da na biyun don lokacinsa ba shi da tsada. Babba yana ganewa da zarar an fara ja masa rai.

Wani abin da ya fi wannan muni shi ne kamfani ya lura abokin cinikinsa ya rasa lokaci ya sami kuɗi, sai ya mayar da hakan hanyar tatsa. Assassin's Creed Odyssey na 2018 ya sayar, da kuɗi na gaske, da wani abu mai sa jaruminka ya riƙa ƙara ƙarfi da sauri. Ma'ana, mai hanya ya zuba yashi a hanya, ya koma gefe yana sayar da shebur. Haka tsarin nan na ladan shiga kullum da gasar ƙarshen mako mai wa'adi, wanda ke mayar da wasa aiki na biyu. Tsarin Ultimate Team, da kamfanin EA ya shigo da shi cikin gem ɗin ƙwallon ƙafa na FIFA a 2009, yana sayar da ƙunshin 'yan wasa da ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe. A 2018 hukumar caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatuna caca ne, kuma a farkon 2019 EA ta daina sayar da kuɗin wasan a ƙasar. Wannan ma wani nau'i ne na "girma tare da masu wasa", sai dai aljihunsu aka bi.

Sai jiki. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Simon Fraser ta Kanada a 2014 ya duba 'yan wasan StarCraft II su 3,305, ya gano saurin mayar da martani yana fara ja baya tun daga shekara 24. Abin da ya fi jan hankalina a ciki shi ne manyan ba su tsaya kuka ba, sun rama da dabara, suna amfani da gajerun hanyoyin maɓallai fiye da matasa. Ido kuwa, daga arba'in zuwa sama ƙananan rubutu sukan fara gudu. God of War na 2018 ya fito da rubutu ƙanana har sai da aka yi gyara cikin 'yan kwanaki. The Last of Us Part II a 2020 ya zo da zaɓuɓɓuka sama da 60 na sauƙaƙa gani da ji da riƙon hannu. An yi su ne musamman don masu buƙata ta musamman, amma duk mai shekaru yana cin moriyarsu, ko da bai faɗa wa abokansa ba. Masu cewa sa matakin sauƙi yana zubar wa wasa mutunci, ina jiran su nan da shekara ashirin.

Inda abin ya fi daɗin tattaunawa shi ne labari, domin akwai jerin da suka girma da gaske kuma ya karɓe su.

Kratos na God of War a 2005 fushi ne tsagwaronsa. An yaudare shi ya kashe matarsa da 'yarsa da hannunsa, shi kuma ya bi gumakan tatsuniyoyin Girka ɗaya bayan ɗaya yana yayyaga su, wasa bayan wasa, har abin ya fara gundurar mutane. A 2018 ya dawo da gemu, a ƙasar tatsuniyoyin arewacin Turai, da ƙaramin ɗa mai suna Atreus, aikin da ke gabansu kuma shi ne kai tokar gawar uwar yaron ƙololuwar dutse mafi tsawo. Tun a farkon wasan akwai wani wuri da yaron yake cikin damuwa bayan farautar barewa, Kratos ya ɗaga hannu zai dafa kafaɗarsa, hannun ya tsaya a iska, ya janye. Daƙiƙa uku ne. Ɗan shekara sha biyar zai wuce wurin yana ɗokin faɗa na gaba. Wanda ya buga na farko yana ɗalibi, yanzu kuma yana da ɗa a ɗaki na kusa, ya san nauyin hannun nan. Cory Barlog, wanda ya jagoranci aikin, shi ma ya zama uba a tsakanin shekarun, kuma bai ɓoye cewa daga nan labarin ya samo tushe ba. Jinin bai ƙaru a kan na da ba. Abin da jarumin yake tsoron rasawa ne ya canja.

Jerin Yakuza na Sega ya fi kowa bin kalanda da gaskiya. Kazuma Kiryu yana da shekara 37 a wasan farko na 2005, kuma kusan kowane sabon wasa yana ƙara masa shekarun da suka wuce a duniya. A Infinite Wealth na 2024 ya haura hamsin, gashi ya yi fari, yana fama da ciwon daji, yana bin tsofaffin wurare da tsofaffin abokai. Magajinsa Ichiban Kasuga, da aka kawo a 2020, ɗan shekara 42 ne da ya fito daga kurkuku bayan shekara 18, ba gida ba aiki, yana layi a ofishin neman aiki tare da korarren ɗan sanda da tsohon ma'aikacin jinya mai kwana a titi. A wasan nan na 2020 ne aka sauya faɗa daga dambe na nan take zuwa na bi-da-bi, inda kake zaɓar abin yi a natse. Hujjar da aka bayar a cikin labari tana da ban dariya da taɓa zuciya: Ichiban ya tashi yana buga Dragon Quest, don haka duk rigimar titi a haka ƙwaƙwalwarsa take ganin ta. Tun 2008 ma Metal Gear Solid 4 ya ba mu Snake tsoho, wanda idan ka bar shi a tsugune ya daɗe sai ya kama ƙugu yana nishi.

Amma fa wannan hanya ba ta kowa ba ce, kuma a nan nake rabuwa da yawancin masu ƙorafi a kan Pokémon. Kratos da Kiryu mutane ne, mutum kuwa tsufa yake yi. Pokémon da Mario sun fi kama da filin wasa da kowane zamani yake aiko da nasa yaran. Labarin yaro ya bar gida da dabbarsa ta farko ya shiga duniya yana aiki ne saboda akwai wanda yau ne karon farkonsa. Ka mayar da jarumin magidanci mai bashin gida, ka faranta wa 'yan arba'in na wata guda, ka rufe ƙofar da su kansu suka shigo ta ita. Bayan haka Pokémon ya wuce gem kaɗai, akwai katuna da zanen talabijin da kayan wasa, dukkansu sabon yaro suke jira.

Wannan bai wanke Game Freak, kamfanin da ke ƙera Pokémon, ba. Ƙorafin manya na cewa wasan ya yi sauƙi da yawa gaskiya ne. Tun daga Sword da Shield na 2019 duk tawagarka take samun ƙarfi tare ko kana so ko ba ka so, babu wurin kashewa, ka wayi gari ka fi kowane abokin hamayya ƙarfi ba tare da ka yi niyya ba. Kamfanin ya taɓa sa matakin wahala a Black 2 da White 2 na 2012, sai ya kulle shi har sai ka gama wasan, kamar a ba ka laima bayan ruwa ya ɗauke. Tun kafin nan ma masu wasa suka gaji suka ƙirƙiro tasu dokar da ake kira Nuzlocke: dabbar farko da ka haɗu da ita a kowane yanki ita kaɗai za ka kama, wadda ta faɗi a faɗa kuma ta mutu ke nan. Idan abokan cinikinka suna ɗaure wa kansu hannu da kansu don su ji daɗin kayanka, ai sun gama rubuta maka abin da suke so. Zaɓi ɗaya a shafin farko zai wadatar, yaro ba zai ma lura da shi ba. Kuma gidan ya san da manyan, tunda gasar duniya ta Pokémon tana da rukunin shekaru uku, har da na manya.

Nintendo ta fi iya wannan a Mario. Mario Kart 8 Deluxe na 2017, wanda aka sayar da sama da kwafi miliyan 60, yana da wani saiti mai riƙe wa direba sitiyari kada ya faɗa rami, da wani mai taka masa totur. Kunna su biyun, ka miƙa wa 'yar shekara huɗu hannu, za ta gama tsere tana ihun murna ko da rabin lokacin rufin ɗaki take kallo, kai kuma a gefenta kana naka gumurzun a kan hanya ɗaya. Tsohon mai wasa a nan bai samu labarin manya ba. An ba shi dalilin kunna na'ura da rana tsaka ba tare da ya ji ya saci lokacin iyali ba.

Akwai kuma masu cewa a bar komai, a dawo musu da na da. A taron BlizzCon na 2013 wani ya tambayi ko za a dawo da tsohon World of Warcraft na 2004, J. Allen Brack na kamfanin Blizzard ya amsa masa da cewa, "Kana zaton kana so ne, amma ba ka so." Maganar ta zame masa abin gori, domin da aka buɗe tsohon zubin da sunan Classic a Agusta 2019 mutane sun yi awanni a layin shiga. Sai dai ga abin da ya biyo baya: Ragnaros, bos ɗin da ya ɗauki 'yan wasan farko kusan wata biyar kafin su kayar, wannan karon bai kai mako guda ba. Wasan yana nan yadda yake, jahilcin da ya sa ya zama abin al'ajabi ne ba ya dawowa, kowa ya riga ya haddace komai. Jagex ta Ingila ta bi wata hanya da Old School RuneScape a 2013: ta farfaɗo da zubin 2007, ta ci gaba da ƙara masa sababbin abubuwa, amma sai masu wasa sun kaɗa ƙuri'a da gagarumin rinjaye. Tsohon gida ne da mazauna cikinsa suke yanke shawarar inda za a ƙara ɗaki.

Kishiyar wannan ita ce a bar tsofaffi a bi matasa da gudu. Final Fantasy XVI na 2023 ya ajiye faɗan zaɓi a natse da aka san jerin da shi, ya koma na saurin yatsa, kuma furodusansa Naoki Yoshida ya bayyana cewa akwai zamanin da ya tashi bai saba da tsohon salon ba. An yi ƙoƙari, har da wasu zobba da jarumi zai sa su riƙa kauce masa duka da kansu don masu sanyin hannu. Duk da haka Square Enix, mai wasan, ta faɗa a 2024 cewa cinikinsa bai kai abin da ta sa rai ba. A shekarar da ya fito, Baldur's Gate 3 mai faɗan bi-da-bi ne ya lashe kyautar wasan shekara, a 2025 kuma wani ƙaramin kamfani a Faransa, wanda ma'aikatansa suka tashi da tsofaffin Final Fantasy, ya fitar da Clair Obscur: Expedition 33 da salon da aka ce ya tsufa, ya sayar da miliyoyi cikin makonni.

Su ma masu ƙera wasannin ba su tsira daga kalanda ba. Dragon Quest mutum uku ne ginshiƙansa tun 1986. Mai kiɗansa Koichi Sugiyama ya rasu a 2021, mai zanensa Akira Toriyama ya bi shi a Maris 2024, saura Yuji Horii wanda aka haifa a 1954. Ranar da Dragon Quest III ya fito a Fabrairun 1988 ranar makaranta ce, ɗalibai suka gudu daga aji suka shiga layin saye, har 'yan sanda suka kama ɗaruruwa. A Nuwamba 2024 aka sake fitar da wasan da sabon zane. Labarin nan ne, garuruwan nan ne, dodannin nan ne. Abin da aka ƙara: ana iya sa faɗa ya yi sauri, ana iya kunna alama a taswira ta nuna inda za a nufa ko a kashe ta, akwai matakin wahala ga mai neman gumi, akwai kuma wanda jarumi ba ya mutuwa ko kaɗan. Yaran layin 1988 yanzu suna wajen hamsin, wasunsu da tabarau suka buga shi.